Yawon Tsibirai A Jirgin Ruwa: Uwargida, Kafin Ki Sa Ƙafa

  A wannan wata gaisuwa ta musamman ce ga 'yan'uwa mata na Gubuchi da Maƙarfi da Ikara da Kudan, ƙasar rake da mazarƙwaila, inda ruwan da aka fi sani shi ne na fadama da na rafi da na rijiya. Yau kuwa ba maganar girki ko kwalliya za mu yi ba, fita za mu yi mu shaƙata a kan ruwa.

Na san wata za ta ce, mu da ko kwale-kwale ba mu taɓa shiga ba, ina ruwanmu da jirgi? To ai shi ya sa. Yau kina Gubuchi, gobe aure ya kai 'yarki Neja ko Kebbi, ko aiki ya kai maigida bakin kogi, ko makarantar yara ta shirya ziyara, sai ki wayi gari a bakin ruwa ana ce miki bisimilla. Wanda ya tashi a gaɓar kogi yana da idon da zai gane jirgin da ya yi nauyi. Ke da kika tashi a tudu kuwa, abin da kika karanta kaɗai ne zai tsaya miki.

YADDA AKE YI A WASU ƘASASHE

A ƙasashen Turai akwai wani irin hutu da ake ji da shi, wato mutum ya shiga ƙaramin jirgin ruwa ya yi mako guda yana bin gaɓar teku, yana sauka tsibiri bayan tsibiri. Wurin da ya fi shahara da wannan shi ne ƙasar Kuroshiya, wadda ke da tsibirai fiye da dubu a Tekun Adiriyatik. Jiragen ba irin manya-manyan nan ba ne masu kama da unguwa guda, ƙanana ne da ke ɗaukar mutum talatin zuwa arba'in. Sukan taso daga birnin Split su nufi Dubrovnik, suna yada zango a tsibirai irin su Hvar da Korcula da Mljet. Da safe ake tafiya, da yamma a ɗaure jirgi a tashar wani ƙaramin gari, fasinjoji su sauka su zaga kasuwa, su ci abinci, su dawo su kwana. Amfanin ƙanƙantar jirgin shi ne yana shiga lungunan da babba ba zai iya ba, kuma kafin kwana uku kowa ya san kowa.

Wannan tafiya ce ta masu hali, domin kuwa tun daga shekarar 2023 Kuroshiya ta shiga tsarin bizar Shengen kuma ta koma kashe kuɗin Yuro. Amma hajiyoyinmu masu zuwa sarin kaya Istanbul suna da irinta a kusa da su, kuma da araha. A Tekun Marmara akwai tsibirai tara da Turkawa ke kira Adalar, huɗu daga ciki su ne aka fi ziyarta, mafi girmansu shi ne Buyukada. Jirgin haya ne ke kai mutane daga cikin gari, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi, yana tsayawa a kowane tsibiri. Ba a yarda da motocin gida a can ba, sai keke da ƙananan motocin lantarki. Idan kin gama sari kina jiran ranar tashi, yini guda a can ya fi zaman ɗakin otal.

NAMU NA GIDA

Kada ki ɗauka sai an yi biza ake ganin tsibiri. Hausa ma tana da kalmarta, wato gungu, kuma akwai al'umma guda da aka raɗa wa suna da ita: Gungawa, mutanen tsibiran Kogin Kwara a masarautar Yawuri ta Jihar Kebbi. Su da kansu Reshe suke kiran kansu. Manoma ne, masunta ne, kuma gwanayen tuƙin jirgi. Albasar Yawuri da ta yi suna a kasuwanni, da yawanta daga gaɓar kogin nan da gungunansa take fitowa. Tare da su akwai Sarkawa, masunta masu magana da Hausa da suka gangaro daga Kabi.

Kogin Kwara, wanda a makaranta ake kira Neja, ya taso ne tun daga tsaunukan Gini, ya ratsa Mali da Jamhuriyar Nijar, ya shigo Nijeriya, tsawonsa ya haura kilomita 4,000. Yawuri tsohon zango ne a kansa. Fataken da ke zuwa Gwanja neman goro daga Kano da Zazzau ta wannan yanki suke ƙetare ruwa. Baturen nan Mungo Park ya biyo ta nan a 1806, kafin ya gamu da ajalinsa a gangaren duwatsun Bussa, can gaba kaɗan. A 1830 kuma wasu Turawa biyu 'yan gida ɗaya, Richard da John Lander, suka zo har fadar Yawuri suna bin sawunsa.

Kamannin wurin sun sauya bayan da aka gina madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka fara a 1964 aka gama a 1968. Ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130. Tsohon garin Bussa ya nutse, aka gina Sabon Bussa. Kimanin mutum 44,000 aka tasa daga garuruwansu, ciki har da Gungawa masu yawa da ruwa ya cinye gungunansu, aka yi musu sababbin matsugunai a gaɓa. Babban tsibirin Foge ma yawancinsa ya nutse, abin da ya saura ya zama mafakar tsuntsaye. Ki riƙe wannan labari, domin zai dawo mana nan gaba: ruwan ya rufe gonaki da dazuzzuka ne da itatuwansu a tsaye.

Me ido zai gani? Da sassafe masunta na jan koma, ana sauke giwan ruwa da tarwaɗa da karfasa da ƙurungu a bakin gaɓa. Mata na ƙyafe kifi. Jirage na tahowa daga gungu da buhunan albasa da shinkafa. Balbela da zalɓe na tsaye a gefen ruwa, wani lokaci a hango kan dorina daga nesa. Sannan akwai bikin Rigata da masarautar Yawuri ke shiryawa, inda ake tseren jirage da ninkaya da nuna bajintar 'yan ruwa. Yaron da ya ga wannan da idonsa, darasin labarin ƙasa ya zauna masa har abada. Gani ya kori ji.

ABIN DA YA RABA NAMU DA NASU

Kyan wuri dai Allah ya ba mu. Inda suka sha gabanmu shi ne tsari. A can, jirgin da aka rubuta wa mutum 36 ba zai ɗauki na 37 ba ko da ɗan sarki ne. Kowane fasinja da rigar kariyarsa, ana nuna masa inda take tun kafin a tashi. Idan aka ce iska za ta taso, matuƙi ya fasa tafiya, babu mai yi masa gori. Mu kuwa ga abin da rashin wannan ya jawo mana.

Ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgi ya taso daga Lokon Minna a Jihar Neja zai ƙetara zuwa Wara a ƙaramar hukumar Ngaski ta Jihar Kebbi, ɗauke da mutum fiye da 150 da kaya. Ya tarwatse a tsakiyar ruwa. Waɗanda aka ceto ashirin ne da 'yan kai.

Ranar 30 ga Nuwamba na wannan shekarar, a madatsar Watari da ke Bagwai a Jihar Kano, jirgi ya kife da ɗaliban Islamiyya da suka taso daga ƙauyen Badau za su wajen Mauludi. Aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara. Wannan ba a Kwara ba ne, nan kusa da mu ne, a ƙasar tudu irin tamu.

A watan Yuni na 2023, 'yan biki da ke dawowa daga ɗaurin aure cikin dare sun nutse a yankin Patigi na Jihar Kwara, fiye da mutum 100 suka tafi. A ranar 1 ga Oktoba, 2024 kuma, jirgi ɗauke da kimanin mutum 300, galibi mata da yara, ya kife da dare a kusa da Gbajibo, a yankin Mokwa, su ma a kan hanyar Mauludi.

Allah ya jiƙansu, ya ba iyalansu haƙuri. Amma ki duba da kyau, 'yar'uwa. Kasuwa, biki, Mauludi. Waɗannan tafiye-tafiyen namu ne, mu mata, mu da yaranmu. Kuma dalilan kusan iri ɗaya ne kullum: lodi fiye da kima, tafiyar dare, tsohon jirgin katako, kututturen itace da ke ɓoye ƙarƙashin ruwa, da rashin rigar kariya. Kin tuna itatuwan da tafkin Kainji ya rufe? Da rana matuƙi na iya hango alamarsu ya kauce. Da dare sai dai a ji ƙara.

Akwai doka. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, mai hedikwata a Lakwaja, ta hana tafiyar dare, ta hana lodi fiye da ƙa'ida, ta kuma wajabta sa rigar kariya. Hukumar HYPPADEC mai kula da yankunan madatsun lantarki ta sha rabon riguna a garuruwan bakin ruwa. Sai dai jami'i ba ya kowace gaɓa. A mafi yawan wurare, jami'in da yaronki yake da shi ke ce.

KAFIN KI SHIGA

Na farko, ki dubi jirgin kafin ki dubi kuɗin. Ki lura da tazarar da ke tsakanin bakin jirgi da fuskar ruwa. Idan an gama lodi kika ga ruwa na neman lasar baki, to igiyar ruwa ɗaya ta isa. Idan kika ga an haɗa mutane da babura da buhunan hatsi da dabbobi, ki ja yaranki ku koma gefe. Idan kika ga yaro na ta kwalfe ruwa daga ciki tun ba a tashi ba, jirgin yana yoyo ke nan.

Na biyu, lokaci. A tashi da hantsi, a dawo kafin la'asar ta yi sanyi. Kada son ganin ƙarshen biki ya sa ki yarda da jirgin bayan magariba. Gara ki kwana a tabarmar mutane. A farkon damina, wajen Afrilu da Mayu, hadari kan haɗu cikin ɗan lokaci da iska mai ƙarfi. Daga Agusta zuwa Oktoba kogi a cike yake da farin ruwa mai gudu, ɗauke da itatuwa da ciyawa. A tsakiyar hunturu kuma hazo kan rufe ido. Idan yawon shaƙatawa ne, a zaɓi ranar da gari ya yi garau, a kuma nemi shawarar Sarkin Ruwa ko dattawan masunta na wurin.

Na uku, rigar kariya. Ki tambaya tun kafin ki biya. Idan akwai, ki sa, ki ɗaure maɗaurinta tam, kada ki ɗora ta a cinya ko ki zauna a kanta. Ta babba ba ta yi wa yaro, zamewa zai yi ta ƙasa ya bar ta tana yawo. Idan gidanku na yawan tafiyar ruwa, ku sayi naku, har da na yara. Kuɗinta bai kai na leshi ɗaya mai kyau ba. Inda babu ita sam kuma tafiya ta zama dole, jarka babu komai a ciki, an rufe bakinta gam, tana iya riƙe mutum a saman ruwa. Masuntan Argungu ma ai a kan gora suke yawo. Amma wannan dabarar tilas ce, ba ta kai riga ba.

Na huɗu, sutura, kuma nan ne maganar ta fi shafarmu. Dogon hijabi da zani da mayafi idan suka sha ruwa nauyi suke yi, su naɗe ƙafa da hannu. Ba cewa aka yi ki bar suturarki ba. Ki sa wando a ciki, ki zaɓi hijabi madaidaici a ranar, ki tattara shi ki ɗora rigar kariya a kansa. Kada a rufe rigar da hijabi, domin mai ceto ita zai kama.

Na biyar, goyo. Ki sauke jariri daga baya kafin ki shiga. Rigar kariya an yi ta ne don ta juya mutum rigingine, fuskarsa sama. To idan da goyo a bayanki, ina shi yake? Ki riƙe shi a gaba, a ƙirjinki. Sauran yara kuma a raba su, kowane babba da yaron da zai kula da shi, a faɗa tun a gaɓa. Uwa ɗaya ba ta iya riƙe yara huɗu a cikin ruwa.

IDAN ANA TAFE

A zauna wuri ɗaya. Yawancin ƙananan jirage na kifewa ne idan mutane suka ruɗe suka koma gefe guda, ko don kallo ko don tsoro. Kada a miƙe tsaye don ɗaukar hoto. Kada yara su riƙa tsoma hannu. Idan aka hango dorina, a bar ta daga nesa, musamman mai ɗa, domin tana iya kifar da jirgi. Duk wanda ya ce wa matuƙi ya matsa kusa don a gani da kyau, ku tsawata masa.

Idan ƙaddara ta afka, jirgin katako sau da yawa ba ya nutsewa nan take ko da ya kife. A riƙe shi, ko a riƙe duk abin da ke yawo. Kada a ƙanƙame juna, domin mai nutsewa yakan ja mai cetonsa. Wanda ke gaɓa ya miƙa sanda ko igiya ko ya jefa jarka, kada ya faɗa ruwa in bai iya ba.

A gaɓa ma akwai abin lura. Ruwan da ke kwance, mai ciyawa da dodon koɗi, shi ne gidan cutar tsargiya, wadda ke sa yaro fitsarin jini. Kada a bar yara su yi wanka a ciki. A tafi da ruwan sha daga gida. Ki ɗaure waya da kuɗi a leda. Wanda jiri ke ɗiba ya ci abu kaɗan kafin a tashi, ya riƙa kallon nesa, ɗan guntun citta a baki yana taimakawa.

MAGANAR HANYA

Daga Gubuchi zuwa Yawuri tafiya ce mai nisa, kuma ba zan ɓoye miki ba, yankin ya sha fama da 'yan bindiga. A ranar 17 ga Yuni, 2021 aka sace ɗalibai a Kwalejin Gwamnatin Tarayya da ke Birnin Yawuri, kuma dazuzzukan da ke kewaye da Kainji sun zama maɓoyar miyagu. Hanyar Birnin Gwari zuwa Kontagora ita ma kowa ya san labarinta. Saboda haka ba tafiyar da za a tashi kai tsaye ba ce. Sai maigida ya bincika wajen 'yan'uwa ko direbobin da ke bin hanyar a makon da za a tafi, a yi tafiyar rana, a sauka hannun wanda aka sani, a tsaya a gungunan da ke kusa da garin Yelwa. Idan aka ce hanya ba kyau, a haƙura. Kogi ba ya gudu ya bar wurinsa.

Kafin nan akwai na kusa. Madatsar Tiga a Jihar Kano, wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, daga ƙasar Ikara ana iya zuwa a dawo a yini ɗaya. Ga ruwa iya ganinki, ga duwatsu, ga masunta da kifi ɗanye. Ku haɗu gida biyu ko uku, ko 'yan adashi, ku ɗauki shatar mota, a yi dambun shinkafa ko wainar gero, a yanko rake. Idan za a shiga jirgi, ku ɗauki shatarsa ku kaɗai, ku shiga kaɗan-kaɗan, ko da sau uku za a yi sawu. Wanda ya biya kuɗin jirgi gaba ɗaya shi ke da bakin cewa ya isa. Idan kuwa babu rigar kariya, a shimfiɗa tabarma a gaɓa a sha iska, ba a yi asarar komai ba.

KUNYA BA TA CETO

Abin da ya fi cutar da mu a irin wannan wuri shi ne kawaici. An taso mu a kan kada mace ta ɗaga murya cikin maza, kada baƙuwa ta nuna ta fi 'yan gari sani. Sai ki ga mace ta ga jirgi ya cika maƙil, gabanta na faɗuwa, amma don kada dangin miji su ce ta cika tsoro, ko a ce ba ta da tawakkali, sai ta shiga ta ja 'ya'yanta. Ba sai kin yi faɗa da kowa ba. "Malam, ku je, za mu jira na gaba" ta wadatar. Idan uwar miji ce ta matsa, ki ce, "Inna, a yi mini haƙuri, hankalina bai kwanta ba, bari mu biyo sawu na biyu." Dariyar da za a yi miki ta minti biyar ce.

Haka kuma idan makaranta ta aiko cewa za a kai yara ziyara ko Mauludi wani gari, ki tambaya: da mota ko da jirgi? Yara nawa, malamai nawa? Ƙarfe nawa za a dawo? Akwai riguna? Malamin kirki ba zai ji haushin wannan ba. Idan iyaye mata goma suka yi tambaya iri ɗaya, tsarin tafiyar zai sauya. Ƙungiyoyinmu na mata da ke tara kuɗin anko da gudummawar biki, me zai hana wata shekara a sayi rigunan kariya ashirin a kai wa wata makarantar da yaranta ke ƙetare ruwa kullum?

Tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma yaranmu sun cancanci su ga faɗin ƙasarsu, su ga yadda Bagunge ke noma a tsakiyar kogi kamar yadda babansu ke noman rake a fadama. A kai su, su gani. A dai ƙirga su a gaɓa, a ɗaura musu riga, a dawo da su kafin rana ta faɗi.

Muna sauraron 'yan'uwa na Yawuri da Ngaski da Bagwai su ba mu labarin yadda abin yake a wajensu.